Faɗin Kwarin Garin Baba

A gidanmu ba a gaji busa ba. Kakanninmu daga wajen Kano suka sauko Garwa da turamen yadi, suka tarar da kogin Binuwai da kasuwa mai ci, suka ce nan ma gari ne, suka zauna. Tun daga kansu har zuwa kaina abin da muka iya ke nan: auna yadi, yankawa, naɗewa, da rantse wa mai saye cewa ba ya zuba. Saboda haka ranar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kama ni a bayan rumfa ina hura wani ɗan ƙarfe, bai yi faɗa ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, “In ka gama kiran awakin, ga mai saye can yana jira.”

Ɗan ƙarfen nan shi ne armonika, kamar yadda muke kiranta a nan da bakin Faransanci. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba, ramuka ne jere a bakinta, in ka hura ta ba ka murya, in ka zuƙa ta ba ka wata. Ba ta da nauyi, tana kwana a aljihu tare da goro.

Wanda ya koya mini mutumin dutse ne, Kirista, daga wani ƙauye can bayan Mokolo kusa da iyaka. Kowane rani yakan sauko Garwa da buhunan wake da tafarnuwa, ya kasa su a gindin darbejiyar da ke gefen rumfarmu, in damina ta kusa ya tattara ya koma gona. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan Alhaji, har bayan da furfura ta fito mini a gemu. Garwa gari ne na Fulatanci. Ko ni da aka haifa a gidan Hausawa, in na fita ƙofa da shi nake yawancin ciniki, ofis kuwa sai Faransanci. Baba Fulatancinsa bai wuce gaisuwa ba, amma Hausa a bakinsa take, domin da ita suke waƙa a cocinsu, da ita suke cin kasuwa a kan iyaka. Harshen nan ne ya fara haɗa shi da mahaifina.

Abu na biyu da ya haɗa su kwano ne. Da azahar in an kawo abinci daga gidanmu, a kwano ɗaya suke ci, kuma da mahaifina ya rasu na gaji rumfar na gaji kwanon. Ni in yi bismilla, shi ya sunkuyar da kai ya yi tasa addu'ar, mu sa hannu. Yana da gefensa na kwano da ba na taɓawa. Yana kuma da ƙorafinsa da ba ya canzawa, wai matan birni tsoron yaji suke yi. Matata ta ƙara yajin har ni nake ci ina share hanci, shi kuwa yana nan a kan bakansa.

Akwai wata busa da yake yi kullum in rana ta yi sanyi, kasuwa ta fara watsewa. Ba doguwa ba ce. Yakan busa 'yar gajeriyar murya mai hawa ta sauko, sai ya janye armonikar daga baki ya yi shiru, idonsa can sama da rufin rumfuna. Sai ya sake busa wata, ya sake yin shiru. Ni a ganina numfashi ne ke yanke masa, domin Baba ya sha taba a zamaninsa har ƙirjinsa yana kukan kyanwa. Da hannuna ya faɗa, sai na ga ai taimako ne in cike masa wuraren nan. Duk inda ya bari fili na cusa ado, na kaɗa harshe, na jijjiga hannu, har busar ta zama ba ta da wurin da kuda zai sauka. Ya saurare ni ya yi dariya ya ce, “Ɗan kasuwa ke nan. Ba ya iya ganin kanta babu kaya.” Na ɗauka yabo ne, na ƙara ƙaimi.

Daga baya na kamu da son ƙara. Na sayi mikro, wato makirufo, da ƙaramin amfuli, wato akwatin da ke ɗaga murya, na fara bin wasu abokaina masu jita da ganga in ana biki ko taron unguwa. Nan na gane armonika a tsakiyar ganguna kamar ɗan tsako take a garken shanu. Sai wani mai jita, mutumin kudu, da zai koma Duwala ya bar mini fedal ɗinsa. Wani faffaɗan ƙarfe ne da ake ajiyewa a ƙasa, da maɓallan takawa da ƙafa, da na murɗawa da hannu, da ɗan gilashi mai nuna rubutu. Murya takan bi ta cikinsa kafin ta kai amfuli, shi kuma ya sauya mata kama yadda ka ga dama: ya sa ta gurnani, ya sa ta kauri kamar kakaki, ya sa ta yi kamar a cikin babban masallaci babu kowa, ko ya maido maka da ita kamar amsa-kuwwa.

Don jita aka yi shi, ba don mu ba, kuma ranar farko ya nuna mini haka. Ina jonawa, ban ma hura ba, ya saki wata ƙara mai tsinka kunne. Kajin gida suka watse, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana salati, matata ta fito daga madafa da muciya a hannu ta ce, “Malam, in aljanu kake kira, ka kira su a rumfa.” Na yi watanni ina kokawa da shi. Na koyi rage masa zafin da mai jita ya saba ba shi. Na koyi rufe mikro da armonika a cikin tafin hannu kamar mai ɓoye ɗan tsuntsu, da tsayawa a gefen amfuli maimakon gabansa. Na kuma gano wata dabara a cikinsa da na sa wa suna mai gadi: duk sautin da bai kai wani ƙarfi ba sai ta rufe masa ƙofa, ƙarar nan ba ta samun hanyar tasowa. Daga nan na samu lafiya. Duk muryar da na haɗa ta yi mini daɗi sai in ajiye ta a gurbinta, in ana biki in taka ta fito.

Baba ya zo gida sau ɗaya ya ga abin. Ya zagaya shi yana kallo, hannu a baya, ya ce, “An sa wa kaza takalmi.” Bai ƙara ba, ni ma ban sake nuna masa ba.

A shekarun da kan iyaka ya rikice, masu bindiga suna faɗa wa ƙauyuka, mutanen garinsu suka watse. Wasu suka tsaya Mokolo, wasu Marwa, wasu Figil. Baba ya sauko da matarsa da 'yarsu, wannan karon babu buhunan wake, kuma damina ta zo bai koma ba. Suka kama ɗaki a wata unguwa a bakin gari inda mutanensu suka taru. Ya ci gaba da kasa tafarnuwa, amma yanzu sari yake yi kamar kowa. Matarsa, da nake kira Mama, ba ta taɓa sabawa da zafin Garwa ba. Ta yi jinya, ta rasu, aka binne ta a nan.

Da ya dawo kasuwa bayan rasuwar, na ga wata 'yar igiyar rama ɗaure a wuyan hannunsa. Ya bar aski. Ya bar busa. Da azahar ta yi aka kawo abinci, na ture kwano tsakaninmu kamar kullum, sai ya fito da wani ɗan kwanon roba daga jakarsa ya ce in zuba masa a ciki. Ya juya gefe ya ci shi kaɗai. Na ce a raina makoki ne, zai wuce. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, igiyar ta yi baƙi, gashinsa ya cukurkuɗe, mutumin ya rame har rigarsa tana masa yawa. Abin ya dame ni ƙwarai. Kullum in ci gefena in bar nasa, in mayar da kwano gida da rabin tuwo.

'Yarsa ce ta warware mini. Malamar firamare ce, kowa a unguwarsu metires yake ce mata, wato malama da Faransanci, ni kuwa ƙanwata nake ce mata tun wani rani da Baba ya zo da ita tana rarrafe a gindin darbejiya. Ta zo sayen yadin makaranta, na ja ta gefe na tambaye ta.

“Yaya, ba ka san abin da igiyar nan take nufi ba?” in ji ta.

“Na san makoki ne. Amma makoki ai yana da ƙarshe.”

“Yana da shi. A garinmu ƙarshen yake.”

Ta ce a al'adarsu, in mace ta rasu, mijinta yana tare da ita a hanya har sai an yi sallama. Ba ya aski, ba ya haɗa hannu da kowa a kwano. In kaka ta yi, sai ya hau wani dutse a bakin kwarin garin, dangin matar suna zaune, ya busa mata sallama. Dutsen da ke ɗaya gefen kwarin ya maido da busar. In ta dawo, babban namiji a dangin matar ya ce ta amsa, ya yanke igiyar, shi ke nan mutum ya dawo cikin mutane.

“Wace busa ce?” na tambaya.

“Wadda kake ɓata masa kullum a kasuwa,” ta ce, tana ɗan murmushi. “Busar tashi ce. Da ita ake sallamar gona da yamma, da ita ake sallamar mutum. Ba ka lura da inda yake yin shiru ba? Ai wurin dutse ne.”

Na zauna a kan turmin atamfa. Ashe shekara da shekaru ba numfashi ne ke yanke masa ba, jira yake a amsa masa, ni kuma ina cusa kayana a wurin zaman dutse. Rashin sani ya fi dare duhu.

Washegari na tari Baba da shawarar da ta zo mini a matsayina na mutumin fili. Na ce, “Baba, dutse ai dutse ne. Mu ɗauki mota mu je Mindif, ka busa a can, a yanke igiyar nan kowa ya huta.”

Ya girgiza kai. “Dutsen Mindif shi kaɗai yake tsaye kamar haƙorin tsohuwa. Ko ya amsa, ba da bakin garinmu zai amsa ba. Kowane kwari da faɗinsa, ɗan Alhaji. Busar nan a kan faɗin namu aka yanka ta, yadda kake yanka yadi a kan jikin mai shi.”

Maganar faɗin nan ce ta tsaya mini a rai har na koma gida na ga fedal a ƙarƙashin gado. Amsa-kuwwar da ke cikinsa ai tana da faɗi, kuma ni nake ba ta shi. Akwai ma wani maɓalli da in ka taka shi ka sake takawa, tazarar da ke tsakanin takun nan ita za ta zama tazarar amsar. Na yi kwanaki ina jin nauyin faɗa masa, don kada ya ga na mai da makokinsa wasan biki. Sai na bi ta hannun 'yarsa. Ta kawo shi gidana wata ranar Lahadi bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma a gindin mangwaro, fuska a murtuke, kamar wanda aka kawo wa mai cire haƙori.

Na ba shi mikro na nuna masa yadda zai rufe shi da armonika a hannu. Bai saba ba, riƙon ya ƙi. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙyallen shadda na ɗaure su tare. Ya hura. Abin da ya fito daga amfuli kan murya ne kawai, gutsure-gutsure, sauran ya ɓace. Ya sake hurawa, haka. Ya sauke hannu ya ce, “Injinka ya raina ni.”

Gaskiyarsa. Mai gadin nan da na sa a kan ƙarfin huhuna ne yake rufe wa tsoho ƙofa, don numfashinsa bai kai ba. Na kashe shi gaba ɗaya. Nan take ƙarar da na yi watanni ina gudu ta fara tasowa, siririya, tana neman hanya. Na rage komai, na cire gurnani da kauri da duk adon da nake taƙama da shi, na ja amfuli can bayan randa na juya masa baya. Ta lafa. Baba ya hura, muryarsa ta fito cikakkiya, har da ɗan kukan ƙirjin nan a ƙarƙashinta.

Na kunna amsa-kuwwa. Ta maido masa da busar, ta sake, ta sake, tana raguwa.

“A'a,” ya ce. “Dutse ba aku ba ne. Sau ɗaya yake faɗa.”

Na mayar da ita sau ɗaya.

“Ta yi kaifi. Dutse ba ya maido da kaifi, a can yake riƙe shi. Kuma a hankali yake magana, kamar wanda bai so ya faɗa ba.”

Na dushe ta, na rage mata ƙarfi. Ya saurara ya ce saura nisa, wannan kamar a bayan ɗaki take. Na tura fedal gaban ƙafarsa na ce, “Baba, ni ban taɓa ganin kwarinku ba. Ka taka nan lokacin da ka busa, ka sake takawa lokacin da dutse yake amsawa.” Ya dube ni, ya dubi maɓallin. Ya rufe ido, ya busa, ya taka. Ya yi shirun nan da na sani tun ina saurayi, kai a ɗage. Ya sake takawa.

Da ya sake busawa, amsar ta faɗo daidai cikin shirun, ta cika shi, ta ƙare daidai inda zai ɗauki ta gaba. Ya busa ta biyun, ta amsa. Bai kai ta ukun ba ya ajiye armonikar a cinya ya rufe fuska da tafin hannu. 'Yarsa tana kuka a fili. Ni na ce bari in duba shayi, na shiga madafa na tarar da matata tsaye a bakin ƙofa tana share ido da gefen zane.

Amma yanke igiya ba a hannunmu yake ba. Wan marigayiyar ne mai wuƙa, wani tsoho da ya zauna a Figil bayan watsewar garin, kowa Kawu yake ce masa. 'Yar ta kira shi a waya ta yi masa bayani. Ya ce, “Ƙanwata ba rediyo ba ce.” Ta roƙe shi. Ya ce tunda an kira shi zai zo, don ba a kiran dangi su ƙi, amma kada kowa ya sa rai zai yanke igiya saboda inji. Na ji haushinsa, ban ɓoye ba. Na ce wa 'yar, mutum yana ƙarewa a tsaye shi yana maganar rediyo. Ta ce, “Yaya, shi ma ƙanwarsa ce.” 

Aka sa rana bayan girbi. A filin bayan cocinsu aka yi, fastonsu ya ce shi nasa addu'a ce, sauran na dangi ne. Na zo da wuri da kayana a bayan babur, har da batirin mota na aro, don wutar lantarkin garin nan ba ta san ranar kunya ba. Fedal ɗin yana da mafita biyu, saboda haka na raba murya: ta Baba ta fito a amfuli kusa da shi, amsar kuwa na ja mata doguwar waya zuwa wata lasifika da na ɗora a kan katanga can bayan itatuwan darbejiya, inda ba a ganinta. La'asar ta same ni a nan. Ina waige-waige, wata tsohuwa da ban sani ba ta ajiye mini buta da tabarma a inuwa don salla ta wuce.

Mutane suka taru, mata a tabarmi, maza a benci. Kawu yana gaba a kan kujera, dogo, busasshe, da sanda tsakanin gwiwoyi da takalmin taya a ƙafa. Na gaishe shi ya amsa da ka, bai ko dubi inda kayana suke ba. Aka yi addu'a, aka yi waƙa da Hausa, aka yi wata da harshensu. Sannan Baba ya miƙe, da ƙyallen shaddata ɗaure a hannu, ya busa.

Amsar ta taso daga bayan darbejiya, a dushe, a hankali. Na ji mata sun ja numfashi tare. Ya busa ta biyu, ta amsa. Sai Kawu ya ɗaga sanda.

“Tsaya.”

 Baba ya sauke hannu.

“Wannan a ina ka tsaya?” in ji Kawu.

“A kan dutsen gonarmu.”

“Na ji ai. Shi ya sa ta dawo da wuri. Sallamar mace a dutsen gidan ubanta ake yi, can sama wajen ɓaure. Daga can kwarin ya fi faɗi. Duk zaman da ka yi da ƙanwata ba ka san wannan ba?”

“Na sani,” in ji Baba. “Amma ban taɓa busa daga can ba. Duk ranar da na hau, ai kai kake koro ni da jifa.”

Wata tsohuwa ta fashe da dariya cikin hawaye. Nan wuri ya kaure. Wannan ta ce gaskiyar Kawu ce, daga ɓaure sai ka haɗiye yawu kafin ta dawo. Wancan ya ce ai bambancin ba shi da yawa. Wata ta ce da yawa mana, ita da ta yi kiwon awaki a wurin. Mutanen da suka yi shekaru ba su ga garinsu ba suna gardama a kan faɗin kwarinsa, da hannu da baki, kowa yana nuna wani wuri a sararin Garwa da babu komai sai darbejiya da wayoyin lantarki. Ni ina tsugune a gefen fedal ban san ko abin ya lalace ba ne ko ya gyaru.

Kawu ya dogara sanda ya miƙe. Ya tako har gabana, ya dube ni a karo na farko.

“Kai, mai inji. Ina ake taka abin?”

Na nuna masa. Na ce ya taka in ya kira, ya sake takawa in an amsa. Ya ɗora takalmin tayarsa a kan maɓallin, ya rufe ido, ya saki wani kira irin na makiyaya da muryar da ban zaci tana jikinsa ba, ya taka. Ya jira. Jiran ya yi tsawo har na fara addu'a a zuci, domin na san injin yana da iyakar abin da zai iya riƙewa. Ya sake takawa. Na dubi gilashin, ya karɓa, saura kaɗan ya cika.

“Yanzu busa,” ya ce wa Baba. Bai koma kujera ba.

Baba ya busa. Shiru ya biyo baya, ya fi na da tsawo, har kana jin kukan kurciya a kan rufin coci. Sannan ta dawo daga nesa. Ya jira ta gama, ya busa ta gaba. Faɗin nan na gidan surukansa ya ba shi wurin shan iska, bai yi tari ko sau ɗaya ba har ya kai ƙarshe. Ya busa ta ƙarshen ya sauke hannu. Muka jira tare da shi, ta zo, ta wuce.

Babu wanda ya motsa. Kawu yana tsaye, ido a rufe. Ya faɗi wata kalma da harshensu, sannan ya maimaita da Hausa, ina jin don ni.

“Ta amsa.”

Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya kama hannun Baba ya yanke igiyar. Bai saki hannun da wuri ba. Mata suka yi guɗa, aka kawo ruwa da aska, aka zaunar da Baba a kan turmi aka yi masa aski a gaban kowa. Abincinsa na farko tare da dangin matar ya ci, haka al'adar take. Ni ina naɗe wayoyina, Kawu ya wuce ta gefena ya ce, “Useko,” godiyar Fulatanci, a gajarce, kamar wanda ake cirar masa kalmar da zare. Na karɓa da hannu biyu.

Kafin in cire batir na ajiye muryar a gurbinta. Tana nan har yau. Na goge wasu na sa wasu, mai gurnani ta tafi, mai kakaki ta tafi, wannan ban taɓa ta ba. Ban taɓa zuwa garin ba, ban san ko zan je ba, amma faɗin kwarinsa daga gindin ɓaure yana ƙarƙashin ƙafata, ƙafar wani tsoho ce ta auna mini. In na busa busar tashi yanzu, ina barin wuraren a buɗe. Na gode wa Allah da ya haɗa mahaifina da mutumin nan a gindin darbejiya, na gode wa mai jitar da ya bar mini ƙarfensa bai san abin da ya bari ba, har Kawun da na ji haushinsa na gode masa.

Ranar Litinin da azahar aka kawo abinci rumfa, tuwon dawa da miyar yakuwa. Na buɗe kwano, na tsaya ina jiran ɗan kwanon roba don sabo. Sai na ga Baba ya taso daga wajen tafarnuwarsa, kai fes, wuyan hannu da farin zobe inda igiya ta zauna. Ya wanke hannu a butata, ya zauna a gabana, ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa. Ni na kasa ko bismilla a fili, hannuna yana tsakiyar kwano ban sani ba.

“Matsa, ɗan Alhaji,” ya ce. “Ka bar wa mutum wuri.”

Na matsa. Ya yanki loma daga gefensa, ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya ce har yanzu matan birni tsoron yaji suke yi.